ALHAJI ALHASSAN ƊANTATA (1877–1955): MUTUMIN DA YA TARA GYAƊAR AREWA

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Warra ko ta Yelwa ranar da take ci ya san ƙanshin man gyaɗa. Da shi ake soya kifin da masunta suka kamo a Tafkin Kainji, da shi ake toya ƙosai, kuma a gefen masu kifi ba a rasa mata da kwalaben mai da tiren ƙuli-ƙuli a gabansu. Yawancinmu mun tashi muna ganin yadda iyayenmu mata suke fid da wannan mai. Sai a ɓare gyaɗa, a soya ta sama-sama, a murje jan fatar a bakace, a kai inji a markaɗo. Dā can a turmi ake kirɓa ta. Sa'an nan a riƙa zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa har mai ya taso ya rabu da tunkuza. A matse tunkuzar, a mulmula ta, a soya ta cikin man da ya fito daga jikinta, ta zama ƙuli-ƙuli. Ba abin da ake zubarwa, gama harawar ma tana can bisa rumfa tana jiran awaki.

Wannan aiki na raba mai da tunkuza, wanda mace ɗaya take yi da turmi da muciya, shi ne Turawa suka ƙera wa manyan injuna a ƙasashensu. Bukatar waɗannan injuna ce ta mai da gyaɗar ƙasar Hausa kayan cinikin duniya, ita ce kuma ta ɗaukaka wani maraya daga Bebeji har aka riƙa cewa babu attajiri kamarsa a duk Afirka ta Yamma a zamaninsa. Sunansa Alhassan, amma duniya ta san shi da Ɗantata.

An haife shi a shekarar 1877 a garin Bebeji, kudu da birnin Kano. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne daga cikin Agalawa, watau wasu fatake da asalinsu ya fito daga arewa, wajen ƙasashen Azbinawa, suka zauna a ƙasar Katsina da ta Kano. Su da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka riƙe fataucin goro a wancan zamani. Kada mai karatu ya haɗa Kambarin Barebari da Kambarin ƙasarmu ta Ngaski, suna ne kawai ya zo ɗaya. Ayarinsu yakan tashi da ɗaruruwan jakuna ɗauke da kanwa da baƙaƙen tufafin rini da jemammun fatu, su nufi Gwanja, a arewacin ƙasar Gana ta yau, su komo da goro bayan watanni masu yawa. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin wannan fatauci ta ƙasar Yawuri ta biyo, inda ake ƙetare Kogin Kwara a shiga Borgu. Saboda haka kakanninmu na bakin kogi sun san ƙurar irin ayarin da Alhassan ya buɗe ido a cikinsa.

Yana da kamar shekara takwas mahaifinsa ya rasu. Aka raba gado, abin da ya samu bai daɗe ba ya ƙare. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannu, sai ta tashi ta koma Ankara, yadda fataken Hausa suke kiran birnin Akra. Ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Wannan tsohuwa ita ta riƙe shi, daga gare ta kuma ya sami sunan da zuriyarsa take amsawa har yau. Abin lura ne cewa gidan da ya fi kowane gida suna wajen dukiya a Arewa, sunan baiwa yake ɗauke da shi.

Ya shiga makarantar allo a Bebeji, ya yi bara kamar sauran almajirai, ya yi wa mutane aikin ƙarfi don ya sami na abinci da na sutura. Tata ce ta koya masa ajiya a asusu. Da ɗan abin da ya tara ya fara sayen ƙananan kaya yana sayarwa. Sa'ad da ya kai wajen shekara goma sha biyar ya bi ayarin Gwanja don ya ga mahaifiyarsa, ya tafi da 'yan kayansa yana sayarwa a hanya. Da ya isa Ankara ba ta bar shi ya zauna cikin daula ba, sai ta kai shi wurin wani malami, ya ci gaba da karatu da neman na kansa har lokacin komawa gida ya yi.

Bai daɗe da komowa ba masifa ta auka wa ƙasar Kano. A 1893 Sarki Bello ya rasu aka naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi suka ƙi yarda, aka shiga Yaƙin Basasa. Bebeji tana ɓangaren Tukur, ɓangaren da aka ci. Da mutanen Aliyu Babba suka yi nasara aka kama Agalawa da yawa aka mai da su bayi, har da Alhassan da 'yan'uwansa Bala da Sidi. Daga baya suka fanshi kansu suka koma Bebeji. Watau kafin ya cika shekara ashirin ya riga ya ɗanɗani maraici, da bara, da bauta.

Ya sake ɗaukar fatauci daga tushe. Amma zamani ya soma juyawa, shi kuwa ya lura da haka tun da wuri. Kasuwar Salaga ta Gwanja ta riga ta mutu, goro ya fara gangarawa bakin teku. Maimakon ya bi jakuna wata da watanni, sai ya riƙa bi ta Badun da Ikko, kuma wajen 1906 yana cikin fataken Hausa na farko da suka riƙa loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Yana kuma kawo duwatsun wuya da murjani da yadin Turawa. Goro kaya ne mai saurin lalacewa, duk kwanan da aka rage a hanya riba ce. Wannan lissafi na kuɗin dako da tsawon kwanaki shi ne ya riƙe har ƙarshen ransa. A wajen 1912, bayan Turawa sun ci Kano da shekara tara, ya tare a cikin birni, ya kafa gidansa a unguwar Sarari.

A nan ya kamata mu bar shi kaɗan mu leƙa Turai, domin abin da ya sāke rayuwarsa can aka ƙera shi. Mutanen biranen Turai sun yi yawa, man shanu ya yi musu tsada, kitsen dabbobi kuma bai isa yin sabulu ba. A 1869 wani Bafaranshe mai suna Mège-Mouriès ya ƙirƙiro margarin, watau wani mai mai kama da man shanu da ake shafa wa burodi. Da fari da kitsen sa ake yin sa. A 1902 wani masanin Jamus, Wilhelm Normann, ya gano yadda za a daskarar da mai mai ruwa-ruwa ya yi tauri kamar kitse. Daga nan man gyaɗa ya zama abin da za a iya yin margarin da shi, masu masana'antu a Ingila da Holan da Jamus da Faransa suka shiga neman ƙwayar mai ko'ina a duniya. Ƙwayar gyaɗa kuwa kusan rabin nauyinta mai ne.

Injin matsa ma ya ci gaba a daidai wannan lokaci. Tsohuwar hanyarsu ita ce a niƙa ƙwaya, a ɗumama ta, a naɗe ta cikin ƙyalle mai kauri, a jera tsakanin faranta na ƙarfe a danne da ƙarfin ruwa, in mai ya gama tsiyaya a kwance a sake sabon lodi. A 1900 wani Ba'amurke mai suna Valerius Anderson ya fito da injin da ba ya tsayawa. Siffarsa kamar doguwar ganga ce da aka yi da sandunan ƙarfe a jere, da ɗan siririn tsagi tsakanin sanda da sanda. A cikin gangar akwai wani ƙaton ƙarfe mai murɗi kamar na noti yana juyawa. Ana zuba gyaɗar da aka turara ta wannan baki, murɗin yana tura ta gaba, sararin da take bi yana ta ƙunci, matsi yana ta ƙaruwa, har mai ya tsattsafo ta tsagogin ya zuba a kwatami. Abin da ya rage yana fita ta ɗaya bakin a bushe, ɓawo-ɓawo. Wannan shi ne tunkuzarsu. Tunkuzar iyayenmu takan riƙe mai da yawa, amma ta inji ɗan kaɗan ne yake saura a cikinta, daga baya ma aka samo wani ruwan sinadari da ake wanke ta da shi a tatse sauran. Su ba sa yin ƙuli-ƙuli, shanunsu na madara suke ba ita, gama tana da abin gina jiki ƙwarai. Ke nan buhu ɗaya na gyaɗa yana ba mai masana'anta kaya biyu na sayarwa, ga mai ga abincin dabbobi. Inji irin wannan ba ya son zama banza. Dole a riƙa ciyar da shi dare da rana, kuma abincinsa ba ya tsirowa a Turai.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe hanya sosai zuwa Ikko a 1912. Abin dariya shi ne, Turawan da suka shimfiɗa dogon auduga suke hange, domin masaƙun Ingila. Manoman Kano suka yi nasu lissafin. Audugar da suke nomawa masaƙan gida sun fi Bature biya da kyau. Gyaɗa kuwa tana son jigawa, ana iya shuka ta tsakanin gero da dawa, tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarta abincin dabbobi ce, in kasuwa ta ƙi kuma a ci ta a gida, abin da ba a iya yi da auduga. Ga haraji da Bature ya ce sai da kuɗi za a biya. Kamfanonin Turawa, musamman Kamfanin Neja, suka nemi manyan fataken goro ta hannun Sarki Abbas da Adamu Jakada, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, domin su ne suka san ƙauyuka kuma manoma suka yarda da su. Fataken suka baza yaransu da gishiri da tufafi da labarin farashi. A 1913 kaɗai gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta haura tan 19,000, alhali shekara biyu kafin nan ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba. Buhuna suka cika tashar Kano har jirgi ya kāsa kwashewa. Shekarar da ta biyo aka yi muguwar yunwa ta 1914, ciniki ya ja baya, amma da ruwa ya komo manoma suka koma wa gyaɗa.

A 1918 Kamfanin Neja ya nemi Alhassan Ɗantata ya riƙa saya masa gyaɗa. Ba shi ne ya fara shiga ba, amma cikin shekara huɗu ya shige waɗanda suka riga shi, har a 1922 aka san shi ne attajirin Kano na ɗaya. Yadda aikin yake tafiya shi ne, kamfani yakan ba shi kuɗi tun kafin kaka. Shi kuma ya haɗa da nasa ya rarraba wa yaransa, yawancinsu mutanen da ya sani tun zamanin goro. Su shiga ƙauyuka da sikeli da buhuna, su ma suna da nasu yaran a ƙarƙashinsu, har abin ya kai ga mai auna mudu a gindin kuka. Gyaɗa ta riƙa taruwa daga mudu zuwa buhu, daga buhu zuwa bayan jaki da raƙumi, daga baya kuma a motocin lori, har ta iso bakin dogo. Babu takarda a yawancin wannan ciniki, amana ce take riƙe da shi. Bature yana da kuɗi da jirgi, amma bai san wanda za a ba fam ɗari ya shiga daji ya komo da kaya ba. Ɗantata ya sani, wannan sani kuwa shi ne ainihin jarinsa.

Bai kamata mu ɓoye ɗaya fuskar wannan ciniki ba. Manomi yakan karɓi bashi da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a kan zai biya da gyaɗa da kaka, sau da yawa a farashin da ba shi ya yanka ba. 'Yan baranda sukan tare masu jakuna a bakin gari, kuma kuka a kan sikeli ya zama ruwan dare a kasuwannin gyaɗa na wancan zamani. Farashin kansa ba a Kano ake yin sa ba, daga kasuwannin Turai yake zuwa ta wayar tangarahu. Sa'ad da tattalin arzikin duniya ya karye daga 1929 zuwa tsakiyar shekarun 1930, kuɗin gyaɗa ya faɗi warwas, amma haraji bai faɗi daidai da shi ba, sai manomi ya ƙara faɗin gona don ya sami abin da yake samu dā. Mata kuma su ne suke ɓare duk wannan gyaɗa, yawanci da turmi da taɓarya, aikin da ba a cika lissafa shi ba. Turmi yakan farfasa ƙwaya, fasasshiyar ƙwaya kuwa manta yakan yi saurin ɓaci a hanya. Don haka ne a shekarun 1950 aka yaɗa ƙaramin injin ɓarewa na hannu, aka kuma ƙara kuɗi ga buhun da ƙwayarsa ta fito lafiya.

A 1929 bankin Turawa na Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano. Labarin da kowa ya sani shi ne Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin. Mutane sukan ba da wannan labari don nuna yawan dukiyarsa, amma yana kuma nuna irin sana'ar. Manomi bai yarda da kuɗin takarda ba, sule yake so ya ji nauyinsa a hannu, saboda haka mai sayen gyaɗa dole ya tanadi tsabar ƙarfe buhu-buhu kafin kaka ta zo. A wannan shekara ce kuma Kamfanin Neja ya haɗu da wani babban kamfani aka sami UAC, Ɗantata ya zama babban mai saya musu. Yana da kyau mai karatu ya san ko su wane ne iyayen gidan UAC. Tun 1920 kamfanin sabulu na Lever Brothers ya saye Kamfanin Neja, a 1925 ya mallaki babbar ƙungiyar masana'antun matsar mai ta Ingila, daga baya ya haɗu da masu margarin na Holan suka zama Unilever. Watau mai sikeli a Kano da mai injin matsa da mai sabulu da mai margarin, duk gida ɗaya ne. Mai irin wannan gida ba shi da dalilin gina wurin matsa a Kano, tun da nasa injunan suna can suna jiran ƙwaya.

Dalar gyaɗa ita ce abin da aka fi tuna shi da shi, kuma shi ake dangana wa fara ta. Ana share fili a jera buhuna a murabba'i, kowane hawa ya ɗan shige ciki, lebura suna hawa da buhu a ka har a kai tsini. Dala ɗaya takan ci buhu wajen 15,000. In damina ta matso a lulluɓe ta da tamfol. An yi su a Ƙofar Mazugal da wasu filaye na Kano da garuruwan bakin dogo kamar Malam Madori. Sun zama abin alfahari, baƙi suna zuwa ɗaukar hoto, har yau ma akwai dalar buhuna a bayan takardar naira 200. Amma in muka duba da kyau, dala layin jira ce. Tafiyar dogo zuwa teku mil wajen 700 ce, taragu kuma ba su isa ba, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gyaɗar bara takan tarar da ta bana a fili ƙwari suna ci. Kowane buhu a cikin dalar nan da mansa da tunkuzarsa yake, ba a raba su ba, kuma sai ya ƙetare teku za a raba su.

Ɗantata bai gamsu da zama ɗan aiken kamfani ba. A 1940 ya nemi izinin saye da fitar da gyaɗa da kansa kamar yadda UAC take yi, aka hana shi, aka kafa hujja da halin yaƙi. A shekarun yaƙin gwamnati ce ta karɓi sayen amfanin gona, ta raba wa kamfanoni rabo bisa yawan abin da kowa ya fitar a baya. Wanda bai taɓa fitarwa da sunansa ba ke nan ba shi da rabo, ko da shi ne ya tara kayan. A 1949 aka kafa Hukumar Cinikin Gyaɗa. Sai a kakar 1953 zuwa 1954 ya sami lasisin sayar wa hukumar kai tsaye ba ta hannun wani kamfani ba. Yana da shekara saba'in da shida a lokacin, ya yi shekara talatin da biyar yana tara gyaɗa da sunan wasu.

Injunan matsa sun iso Kano yana raye. A shekarun 1940, da yaƙi ya tsananta ƙarancin jiragen ruwa, aka fara matsar gyaɗa da inji a birnin, kuma baƙin 'yan kasuwa ne suka fara, irin su George Calil, mutumin Labanan, da gidan Mandrides. Hikimar a fili take: in an matse a nan, kuɗin aikin ya zauna a gida, matasa sun sami aiki, tunkuza kuma tana kusa da dabbobinmu. Duk da haka masu matsar sun daɗe suna kukan cewa hukuma tana sayar musu da ƙwaya da tsada, mafi yawan amfanin kuma ya ci gaba da fita ɗanye. Shi kansa Ɗantata, da ya juya wajen masana'anta a ƙarshen rayuwarsa, saƙa ya nufa, inda shi da wasu attajiran birni suka kafa kamfanin Kano Citizens' Trading Company wanda ya buɗe masaƙa.

Game da halinsa, waɗanda suka rubuta tarihinsa sun haɗu a kan cewa mutum ne mai tsimi da sauƙin kai, ba ya son almubazzaranci, yana cin abinci tare da yaransa, yana kuma bin lissafi da kansa. Bai tsaya ga gyaɗa kaɗai ba, ya ci gaba da goro da shanu da hatsi da tufafi, don in wannan ta faɗi waccan ta tashe shi. Ya yi aikin hajji a farkon shekarun 1920 ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila, hanyar da buhunansa suke bi. Ya biya wa mutane da yawa kuɗin hajji, yana fid da zakka, yana ciyar da mabukata. A shekarunsa na ƙarshe an sa shi cikin masu ba Sarkin Kano shawara, muryar 'yan kasuwa a fada.

A 1955 ciwo ya kwantar da shi. Da ya ga alamar ba zai tashi ba, ya tara 'ya'yansa da manyan yaransa ya yi musu wasiyya da su zauna lafiya da juna, kada kuma su bar kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya wargaje. Ya san abin da rabon gado yake yi wa dukiyar ɗan kasuwa, gama ya gani da idonsa yana ɗan shekara takwas. Ya rasu ran 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. 'Ya'yansa, irin su Ahmadu da Sanusi da Mamuda da Aminu, suka riƙe kamfanin. Sanusi ya zama babban mai sayen gyaɗa a shekarun 1960, ya rasu a 1997, Aminu kuma ya rasu a 2025. Aliko Ɗangote jikan Sanusi ne ta wajen uwa.

Cinikin da ya gina ya kai ƙololuwa bayan rasuwarsa. A shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, a daidai lokacin da ake gina madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968 ruwanta ya tashi garuruwan kakanninmu na bakin kogi da na gungu. Sai fari ya zo a 1972 da 1973. A 1975 wata cuta da ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye suke yaɗawa ta nannaɗe ganyen gyaɗa ta tsumburar da gonaki a duk Arewa. Kuɗin man fetur ya ja hankalin gwamnati da na matasa, farashin hukuma bai ƙarfafa manomi ba. Kafin shekarun 1970 su ƙare fitar da gyaɗa ya tsaya, filayen dala suka zama fegi da kantuna, a 1986 kuma aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona gaba ɗaya.

Gyaɗa dai ba ta bar gonakinmu ba. Ana noma ta a ƙasar Ngaski da Shanga da Yawuri, kuma yawancin wadda ake nomawa a Nijeriya yanzu a cikin ƙasa ake cinye ta. Wata takan tafi masana'antun Kano, wata ƙananan injunan matsa na cikin garuruwa, masu aiki da murɗin ƙarfe irin na Anderson, wata kuma mata su saye ta mudu-mudu ranar kasuwa, su kai markaɗe da yamma, kashegari da sassafe su ɗora ruwan zafi.